Ajiyar Tsohuwar Elandof

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatu. Ku yi haƙuri da rubutuna, karatuna bai yi nisa ba.

Kwanaki ke nan ina ɗauke da wani abu a ƙirjina. Da shi nake kwanciya, shi ne kuma farkon abin da ke tarar da ni da asuba. In sa tuwo a baki in ji kamar ƙasa. Jiya sau biyu na zuba gishiri a miya, yara suka ci shiru suna kallona. Ba ni da wanda zan faɗa wa. Maigidana ya rasu. 'Yan'uwana sun warwatsu tun da 'yan bindiga suka tashe mu daga ƙauyenmu, Rafin Kanya, muka dawo Funtuwa muka kama haya. A nan maƙwabta na da kirki, amma ba su san ni ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa mu.

Magana ce a kan ɗana na fari. Kun san halinmu, ba na kama sunansa. Ƙannensa Magaji suke ce masa, haka zan rubuta. Yana can wata ƙasa mai suna Poland, yana aikin tatsar shanu a wani ɗan ƙauye. Ɗan yayana, Jazuli, shi ya fara zuwa karatu, daga baya ya samo masa takardar aiki ya bi shi. Sun yi alkawari tare za su dawo. Da lokacin ya yi, Jazuli ya sauka daga mota shi kaɗai da jakarsa.

Na ce, "Ina ɗan'uwan naka?"

Ya ce, "Goggo, aiki ne ya riƙe shi. Yana tafe."

Bai kalle ni ba da zai faɗa. Ni kuma kunyar ɗan fari ta hana ni matsawa. Damina ta zo ta wuce, aka girbe masara, yana tafe, yana tafe. Sai makon jiya na ji gaskiya, ita ma ba ni aka faɗa wa ba.

Bayan isha ne, an ɗauke wuta. Ina cikin ɗaki a kan sallaya, ina jan carbi. Jazuli ya zo mana hira, suna tsakar gida a kan tabarma shi da 'yata Rumasa'u da autana Sha'aban. Abokan wasa ne, in sun haɗu sai tsiya.

Rumasa'u ta ce, "Yaya Jazuli, wai kai da ka je ƙasar Turawa ko fari ba ka yi ba. Ka tabbata ba Kaduna ka tsaya ba?"

"Ke dai da bakinki kamar reza. Allah ya ji ƙan mijinki tun yanzu."

Sha'aban ya ce, "Ba mu labarin aljanu. Ko Turawa ba su da aljanu?"

Na daina jan carbi. Can na ji Jazuli ya ce, "Goggo ta yi barci?"

"Tun ɗazu."

Ban yi motsi ba. Ya rage murya. Zan rubuta yadda na ji, iya abin da na riƙe.

Ya ce, "Garin da muke, sunansa biyu."

"Kamar mutum?"

"Kamar mutum. Wanda ke jikin allo a bakin hanya, Yalnobo. Akwai na da can, Elandof. Wannan ba a faɗinsa. Amma in an yi ruwa, bangon tsohon gidan niƙa ya jiƙe, sai ya fito ta ƙarƙashin fenti. Sun shafe, sun sake shafewa. Yana fitowa.

"Jamusawa ne suka kafa garin, tun zamanin kakannin kakanni. Daji ne suka sare. Suka gina gidajen jan bulo, suka yi coci, suka dasa itatuwa a jere a bakin hanya. Suka haihu a nan, suka binne nasu a nan. Sai aka yi babban yaƙin nan na duniya, wanda aka kwashi kakanninmu aka kai Bama. Da yaƙi ya ƙare, manya suka zauna suka ja sabuwar iyaka. Aka wayi gari ƙasar ba ta Jamus ba ce. Aka ce kowa ya fita. Abin da hannunka ya iya ɗauka, shi ne naka."

Rumasa'u ta ce, "Kamar mu."

"Kamar ku. Kuma waɗanda aka kawo aka zuba a gidajen, su ma koro su aka yi daga nasu garin, can gabas. Mai gidan shanun da muke wa aiki, Baba Zigi muke ce masa, tsoho ne mai kirki. Ya ce mahaifiyarsa a jirgin ƙasa na dabbobi aka kawo ta, da akuya guda da bargo. Ta shiga gidan da aka nuna mata ta tarar da murhu da ɗumi. Akwai tukunya a kai. Akwai kare a bakin ƙofa, yana jiran masu gida. Ya ce ta shekara tana kwana da takalmi a ƙafa, wai masu gida za su dawo.

"Yanzu garin ba kowa. Samari duk sun tafi birni. Tsofaffi ne, da labule a taga. Ka wuce gida ka ga labule ya motsa, shi ke nan an gaishe ka. Akwai maƙabartar Jamusawan a bayan gari, daji ya cinye ta. Ba mai zuwa.

"Daga ɗakinmu zuwa gidan shanu, sai ka bi hanyar itatuwan nan. Ta wuce ta gefen maƙabarta, ta miƙe yamma. A ƙarshenta akwai wani dutse a tsaye, dutsen iyakar gari. Lokacin sanyi a can, kana sallame la'asar duhu ya rufa. Ba dare ba ne, amma duhu ne sosai. Kullum tare muke bi. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara zuba a shekarar, zazzaɓi ya kwantar da ni. Magaji ya ce, 'Kwanta abinka, rago, ni zan tatsa.' Ya tafi shi kaɗai."

Sha'aban ya ce, "Bai ji tsoro ba?"

"Yayanka? Ka taɓa ganin ya ji tsoron hanya? Yi shiru ka ji.

"Ya gama tatsa. Ya kamo hanya. Ko'ina fari. Ba iska. Ba kukan kare. Ƙarar takalminsa kawai yake ji.

"Sai ya hango mutum a gabansa. Tsohuwa ce. Gajera, ta ranƙwafa. Ta goyo wani ƙunshi a baya, ƙato, an ɗaure shi da farin zane. Tana tafiya a hankali, ta nufi bayan gari.

"Kun san yayanku. Kun san abin da Goggo ta koya muku. Ba a wuce babba da kaya."

Ni ce. Tun yana ɗan mitsitsi nake faɗa masa, in ka ga tsoho da kaya ka karɓa, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Har dukansa na taɓa yi a kan haka.

Jazuli ya ci gaba. "Ya ƙara sauri ya cim mata. Ya manta ma a inda yake, da Hausa ya yi mata magana. Ya ce, 'Sannu Kaka. Kawo in taya ki.'

"Ta tsaya. Ba ta juyo duka ba. Ta daɗe tana kallonsa ta gefen ido.

"Ya miƙa hannu. Ta sassauta ɗaurin. Ya ɗora a kafaɗa. Ya ce saura kaɗan gwiwarsa ta kai ƙasa. Kamar dutsen niƙa. Ya ji wani abu a ciki yana ƙara, kamar cokula suna taɓa juna.

"Suka jera. Ya ce, 'Ina za mu, Kaka?'

"Ta nuna gaba da haɓa.

"Suna cikin tafiya ya lura da abu. A can in ana sanyi, duk mai rai bakinsa hayaƙi yake yi. Mutum, saniya, har kare. Nasa bakin na tururi. Nata ba komai.

"Ya ce a ransa, tsufa ne.

"Ya haska tocila ƙasa. Ƙafafunta ba takalmi. Tsumma ne aka nannaɗe. Ya waiwaya baya. Sawu layi ɗaya ne a kan ƙanƙara. Nasa."

Na ji Sha'aban ya matsa jikin yayarsa, tabarma ta yi ƙara.

"Bai gudu ba?"

"Da kayan mutane a kafaɗa? Ya ce ya so ya yar. Sai ya tuna tsohuwa ce, ko ma wace ce. Ya kama karanta abin da ya sawwaƙa a zuciyarsa. Ba ta ɓace ba. Ba ta ko girgiza ba. Tafiyarta take yi.

"Suka wuce maƙabarta. Ta ɗan sunkuyar da kai, kamar mai gaida maƙwabta.

"Da suka iso dutsen iyaka ta ja ta tsaya. Sai ta yi magana. Ya ce ba Hausa ba ce, ba Turanci ba, ba yaren su Baba Zigi ba. Leɓenta ya gama motsi, sannan muryar ta iso. Amma ya gane. A ƙirjinsa ya gane.

"Ta ce, 'Ba za su bar ni in wuce da shi ba.'

"Ya duba. Ba kowa. Fili ne fari har ƙarshen gani.

"Ta ce, 'Ka ajiye mini. Zan dawo.'

"Ya ce, 'To, Kaka.'

"Ta ce, 'To ka ce?'

"Ya ce, 'To na ce. Amana ce.'

"Ta ɗago fuska a karon farko. Ya ce ba abin tsoro a fuskar. Tsohuwa ce kawai, wadda ta gaji. Ta ce, 'Na tambayi kowa a garin nan. Ba wanda ya taɓa cewa to.'

"Ta taka ta wuce dutsen. Ya ƙifta ido. Babu ta. Ƙunshin kuma ya koma sakayau, kamar filo."

Can Rumasa'u ta ce a hankali, "Mene ne a ciki?"

"Ba mu sani ba har yau. Na ce mu kwance, ya ce ba a kwance ajiya. Ya ɗora shi a saman kwaba, ya shimfiɗa masa tsumma mai tsabta. Ni kuwa zazzaɓin ma tsoro ya kore shi.

"Da safe muka kira Baba Zigi. Turancinsa kaɗan ne, da hannu da waya muke ƙarasa magana. Yana shigowa ya ga ƙunshin, ya cire hularsa. Ya nemi kujera.

"Ya ce, 'Wa ya taɓa ta?'

"Magaji ya ce, 'Ni ne. Kaya na taya ta.'

"Tsohon ya rufe fuska da hannu. Ya ce kowa a garin ya san ta. Gidan da shi Baba Zigi yake ciki, nata ne. Ranar da aka kori Jamusawa, ta haɗa ƙunshin da ya fi ƙarfinta, ta san za a ƙwace a hanya. Ta juyo ta ga baƙuwar da aka ba gidanta a tsaye bakin ƙofa. Ta miƙa mata, ta roƙe ta da hannu ta ajiye mata. Mahaifiyar Baba Zigi ta kau da kai. Ba mugunta ba ce, in ji shi. Tsoro ne. Ita ma ba wanda ya ajiye mata komai. Tsohuwar ta bi gida gida, ba wanda ya karɓa. Ta goya ta tafi. An ce ba ta kai tashar jirgi ba.

"Tun daga nan, duk ranar da ƙanƙara ta fara zuba, sai ta fito. Dokar garin ɗaya ce, ko yaro ya san ta. Ranar ba a bin hanyar itatuwa, in kuwa dole ce, ba a bi a kaɗaice. In ka gan ta, ka kalli ƙasa ka wuce.

"Na ce, 'Baba, me ya sa ba ku faɗa mana ba?'

"Ya ce, 'Wa zai yi zaton wani zai tsaya? A nan ko masu rai ba a karɓar musu kaya.'

"Ya ce a jefa ƙunshin a rafin gidan niƙa. Magaji ya ce a'a. Ya ce a kai coci. Magaji ya ce, 'Ba coci ta ba wa ba, ni ta ba wa.' Wata rana na faki idonsa, ya tafi tatsa, na ce bari in kai shi maƙabarta in huta. Wallahi, Rumasa'u, kin san ni ba rago ba ne. Na sa hannu biyu. Ko gezau. Kamar an gina shi da kwabar. Shi kuwa da yatsa biyu yake ɗagawa in zai share ƙura."

"Ya haukace?" in ji Rumasa'u.

"Ƙalau yake. Sallarsa ba ta wuce shi. Yana ci, yana dariya. Sai dai wasu 'yan abubuwa. Wata rana muna tafiya ya ce, 'Kauce, akwai rijiya a nan.' Muka tone ciyawa, ga rijiya an rufe da katako. Baba Zigi da aka haifa a garin bai san da ita ba. Ranar hutu ya ɗauki adda ya tafi maƙabarta yana sare daji. Na ce, 'Kai, kakanninka ne?' Ya ce, 'Ba su da kowa ne.' In zai ambaci garin, Elandof yake cewa, bai ma san ya faɗa ba. Kuma ya daina jin sanyi. Yaron da yake kwana da riga uku.

"Da lokacin tafiyarmu ya yi, ya haɗa jakarsa. Ya sayi tsarabar Goggo, ya sayi taku. Ya ce zai taho da ƙunshin, in tana so ta biyo shi Funtuwa. Muka kamo hanyar tashar mota. Muna isa dutsen iyaka ya durƙushe. Nauyin ya dawo. Ya ja, na tura. Bai tsallaka ba.

"Na ce, 'Ajiye shi nan gindin dutse. Nan ta ba ka.'

"Ya zauna a ƙasa yana haki. Ya ce, 'In ta zo ta tarar an yar fa?'

"Na ce, 'Magaji, matacciya ce.'

"Ya ce, 'To shi ya sa. Ba ta da mai tsaya mata.'

"Ya miƙo mini tsarabar. Ya ce, 'Ka ce wa Inna aiki ne. In ƙanƙara ta sake zuba za ta zo ta karɓa, sai in taho.' Mota ta zo. Na shiga. Ina waiwayensa ta gilashi, yana komawa cikin itatuwan nan shi kaɗai, da farin ƙunshi a kafaɗa."

Sai Jazuli ya ce da su, "Ku ji ni da kyau. Duk inda kuka je a duniya, ku tambayi mutanen gari wace hanya ce ba a bi. Kuma kada ku bi ta ku kaɗai."

Ban san lokacin da na ɗaga labule ba. Jazuli ya miƙe zumbur, hularsa ta faɗi.

"Goggo..."

Na ce, "Yaushe ƙanƙarar ke fara zuba?"

Ya sunkuyar da kai. "Ko yau, ko gobe. Lokacinta ya yi."

"In ta zo, karɓa za ta yi ta tafi?"

"Ban sani ba, Goggo. Na tambayi Baba Zigi. Ya ce shi ma bai sani ba, don ba a taɓa karɓar mata ba. Ya ce watakila ta karɓa ta huta. Watakila kuma ta ga ta samu mai ɗaukar mata kaya."

'Yan'uwa, a daren nan ban runtsa ba. Kuma abin da ya fi damuna, ba tsoron matar kaɗai nake ji ba. Na san ta. Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, amma na san ta. Ranar da muka bar Rafin Kanya, tuwon dawa na kan wuta. Na haɗa kwanonin jeren mahaifiyata a zane, na kasa ɗauka ga goyo ga gudu. A ƙauyen gaba na ga wata mata a ƙofar gidanta, ban san ko sunanta ba. Na ce, baiwar Allah, ki ajiye mini. Ta ce to. Har yau ban koma ba, hanyar ba ta biyuwa. Amma in na kwanta na tuna akwai wani ɗaki a duniya da kwanonin innata ke ciki ana jirana, sai in ji ban ɓace duka ba. Wannan to ɗin nata ita ke riƙe da ni.

Na je wurin malamin unguwarmu. Ya ce shaiɗanu ne ke shigar matattu, a yar da kayan, yaro ya kama azkar. Na je wurin wani dattijo da maigidana ke girmamawa. Ya ce amana amana ce, ko ta wane ne, wanda ya riƙe ta Allah ba ya tozarta shi. Na dawo gida da kai biyu.

Shekaranjiya na aje kunya gefe, na sa Rumasa'u ta kira mini Magaji ta bidiyo. Ya ɗauka yana waje, a bakin gidan shanu. Ya yi ƙiba ma. Ya rusuna kamar ina gabansa.

"Inna, ina wuni? Ya jikin ƙafar?"

"Da sauƙi. Kai, Jazuli ya faɗi komai."

Ya yi murmushi. "Bakin Jazuli ba ya riƙe ruwa."

"Ba wasa na kira ka ba."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Wa ya aike ka? Mutanen gari duk sun kau da kai, sai kai baƙo?"

"Inna, ke kika ce ba a wuce babba da kaya."

"Na ce. Amma mutane nake nufi."

"Ai mutum ce, Inna. An kore ta ne kawai."

Sai wani tsoho ya leƙo ta bayansa, jar fuska, da hular ulu. Magaji ya ce, "Baba Zigi ne, yana gaishe ki." Tsohon ya ɗaga mini hannu yana magana da yarensu. Ban ji ko kalma ba, amma idonsa roƙona yake yi, na gani. Hayaƙi na fita daga bakinsa kamar an buɗe tukunya. Shanun da ke bayansu ma hancinsu na tururi.

Na dubi bakin ɗana. Yana magana, yana dariya. Na matso da wayar kusa da idona. Akwai tururin, ba zan yi muku ƙarya ba, akwai. Amma ɗan siriri ne, kamar na shayin da ya fara hucewa.

Na ce, "Ba ka jin sanyi? Ina rigarka?"

"Na saba, Inna."

"Kai kaɗai kake kwana a ɗakin?"

"Ni kaɗai. Shiru ne dai ya yi yawa. Wani lokaci in kunna muryarki da kika turo wa Jazuli, wadda kike faɗa a kan kuɗin wuta, don in ji Hausa."

Na kau da fuska don kada ya ga idona. Bai taɓa ganin na yi kuka a kansa ba.

Sai ya daina dariya. Ya ce, "Inna, ki saurare ni. Ban taɓa tsallake maganarki ba. In kika ce in ajiye shi gindin dutse in taho, wallahi yau zan ajiye, gobe ina hanya. Ko da alhaki, uwata na bi. In kuma kika ce in jira ta, zan jira. Ke zan bi."

Ya ɗaga kai ya dubi sama. Ya ce, "Garin ya haɗe. Baba Zigi ya ce ƙanƙarar ba za ta wuce makon nan ba."

Na ce masa zan kira. Ya ce, "To, Inna." Irin to ɗin nan tasa.

Tun daga lokacin wayar na hannuna. Kalma ɗaya ce, ya ce zai bi. In na ce ajiye, ɗana ya dawo, amma ni da bakina na koya masa a yar da amanar wanda ba shi da kowa, kuma ban san ko mai kayan za ta ƙyale wanda ya ce mata to ya saɓa ba. Ban san kuma da wane ido zan ƙara tuna matar da ke riƙe da kwanonin innata ba. In na ce jira, watakila tsohuwar nan ta samu hutun da aka hana ta tun kafin a haife ni. Watakila kuma a wayi gari a ga sawu layi ɗaya ya nufi dutsen iyaka, bai dawo ba.

Ɗazu Rumasa'u ta duba waya ta ce an nuna gobe da la'asar ƙanƙarar za ta fara zuba a can.

Don girman Allah, iyaye mata 'yan'uwana, da duk wanda ya taɓa barin garinsu da ƙunshi a ka, ku faɗa mini. In ɗanku ne, wace kalma za ku ce masa?